Iskar damina ta Afirka ta Yamma: yadda ƙasashe ke haɗa kai wajen gwada manhajojin hasashen yanayi

Damina a Afirka ta Yamma aikin wata iska ce da masana ke kira monsun, wato iskar da ke sauya alƙibla bisa zagayowar shekara. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iska na busowa daga arewa maso gabas, busasshiya mai ƙura, ita ce iskar hunturu. Idan bazara ta kama, Hamadar Sahara ta ɗauki zafi, sai lamarin ya juya: iska mai laima ta taso daga Tekun Atlantika ta kudu maso yamma, ta ratsa gaɓar Mashigin Gini ta nausa arewa. Duk ruwan da gero da dawa ke sha a Katsina ko Maraɗi, wannan iska ce silarsa.

Domin sanin yadda iskar za ta kasance bana, ko nan da shekara 50, masana sun dogara da manhajojin lissafin yanayi da ke aiki a kan manyan kwamfutoci. Manhaja kuwa ba ta da hujja sai an gwada ta da abin da aka auna a fili. Wannan gwaji ya gagari kowace ƙasa ita kaɗai, domin iskar na tasowa ne daga tekun da ba mallakin kowa ba, ta ratsa ƙasashe fiye da goma kafin ta mutu a bakin hamada. Shi ya sa tun shekarun 1970 ake shirya ayyukan bincike na haɗin gwiwa, waɗanda da dama daga cikinsu suka yada zango a Yamai, Damagaram, Abuja da Ile-Ife.

Ƙofar da damina ke shigowa

A Najeriya, damina na fara taka ƙasa ne a yankin Neja Delta. Birnin Fatakwal na kusan digiri 5 arewa da layin Ikwaita, kuma unguwar Borokiri da ke kudancin tsohon birnin, wadda ƙoramu da dazukan bakin ruwa suka kewaye, na cikin wuraren da ke fara shaƙar iskar teku. Ruwa kan kankama a can tun watan Maris, ba ya ɗaukewa sai Oktoba ko Nuwamba, kuma abin da ake samu a shekara ya haura milimita 2,000. Onitsha, wadda Hausawa ke kira Anacha, da Enugu suna ɗan gaba da digiri 6, suna samun tsakanin milimita 1,500 da 2,000. Kano na digiri 12, inda a yawancin shekarun da aka auna ruwan bai kai milimita 1,000 ba, Sakkwato kuwa na digiri 13, tana samun abin da bai fi 600 zuwa 700 ba, cikin wata huɗu kacal.

An kafa Fatakwal a wajajen 1912 domin fitar da kwal ɗin Enugu, kuma layin dogon da aka shimfiɗa daga can ya bi ta Enugu, Makurɗi da Kafanchan har ya sadu da na Kaduna da Kano. Wannan hanya, da ta kogin Neja, su ne fatake suka bi suka kafa unguwannin Hausawa a waɗannan birane, suna sauke shanu, albasa, wake da busasshen kifi, suna ɗaukar manja, gari da kayan masarufi. Hanyar ce kuma damina ke bi, daga kudu zuwa arewa. Saboda haka Bahaushen da ke zaune a Borokiri ko Anacha yana rayuwa da damina biyu: wadda ke zuba a kan rumfarsa tun Maris, da wadda iyalinsa ke jira a gida sai Yuni, wadda ita ke yanke farashin kayan da zai sayar a kaka.

Akwai tambayar da irin wannan mutum ke iya yi, wadda masana suka daɗe suna yi: idan ruwa ya sauka da wuri a Fatakwal, ko hakan na nufin zai sauka da wuri a Kano? Amsar ita ce ba lallai ba ne. Damina ba ta tafiya arewa taki-taki. A 2003 masu bincike biyu na Faransa, Benjamin Sultan da Serge Janicot, sun nuna cewa jigon ruwan kan tsaya a wajajen digiri 5, wato daidai gaɓar teku, a watannin Mayu da Yuni, sannan ya yi tsalle zuwa digiri 10 cikin 'yan kwanaki. Matsakaiciyar ranar wannan tsalle a shekarun da suka nazarta ita ce 24 ga Yuni. Bayan tsallen ne kudu ke samun sassaucin da ake kira hutun Agusta, daidai lokacin da arewa ke cikin malka. Hutun ya fi fitowa fili a Legas, Ibadan da Akara ta Ghana. A Fatakwal sau da yawa ruwan raguwa kawai yake yi.

Abubuwa uku ne aka fi dangantawa da wannan tsalle. Na farko zafin Sahara, wanda ke haifar da wani yanki mai ƙarancin nauyin iska da ke zuƙo iskar teku. Na biyu sanyin da ke bayyana a tekun da ke kudu da gaɓar Gini tsakanin Mayu da Yuli, lokacin da ruwan ƙarƙashi ke tasowa sama, zafin fuskar teku ya sauka da kimanin digiri 5. Bambancin da ke tsakanin teku mai sanyi da ƙasa mai zafi shi ke ƙara wa iskar ƙarfi. Na uku wata iska mai gudu da ke busowa daga gabas a tsayin kimanin kilomita 4 daga ƙasa. Ita ce ke warware wani abu da kowane manomi ya sani: laima daga kudu maso yamma take zuwa, amma hadari daga gabas yake tasowa. A cikin wannan iska ta sama ake samun igiyoyi da ke wucewa duk bayan kwana 3 zuwa 5, su ne ke tara gizagizai su zama jerin hadari mai tsawon ɗaruruwan kilomita, mai ƙura da guguwa a gaba, yayyafi a baya. Tun a 1945 Hamilton da Archbold suka bayyana irin wannan hadari a rubutunsu kan yanayin Najeriya. A yankin Sahel, mafi yawan ruwan shekara daga irinsa yake fitowa.

Mece ce manhajar yanayi, kuma yaya ake gwada ta

Manhajar yanayi na yanka sararin samaniya da teku zuwa akwatuna, ta lissafa zafi, laima da motsin iska a kowane akwati bisa ƙa'idojin kimiyyar fiziya, ta maimaita lissafin mataki-mataki har na shekaru ɗari. A manhajojin da ke ɗaukar duniya baki ɗaya, faɗin akwati ɗaya kan kai kilomita 100 zuwa 200. Ke nan akwati guda na iya haɗiye Anacha da Enugu tare, ya ba su ruwa iri ɗaya. Gajimaren hadari kuwa bai fi 'yan kilomita ba, don haka manhaja ba ta ganin sa. Ƙiyasta shi take yi ta wata ƙa'idar wucin gadi da mutane suka rubuta. A nan yawancin kurakuran suke.

Gwajin yana da matakai. Akan ba manhaja yanayin shekarun da suka wuce a ga ko za ta fitar da daminar da aka riga aka auna. Akan jera manhajoji da dama a yi masu tambaya ɗaya a ga inda suka saɓa. Mataki mafi tsada shi ne a fita fili da jirage da balan-balan a auna cikin hadarin kansa, domin manhaja na iya samar da adadin ruwa daidai bisa dalili na kuskure, kamar ɗalibin da ya dace da amsa alhali lissafinsa a karkace yake.

Fari ne ya tayar da binciken

Ƙasar Hausa ta san yunwa tun kafin zuwan ma'aunin ruwa, kuma ta raɗa wa wasu suna, kamar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. Amma farin da ya fara a ƙarshen shekarun 1960, ya tsananta a 1972 da 1973, ya sake dawowa a 1983 da 1984, shi ne ya ja hankalin masana na duniya. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na hakan a tsakiyar shekarun 1980. A 1973 ƙasashen Sahel suka kafa kwamitin yaƙi da fari na CILSS, a shekarar da ta biyo baya aka buɗe cibiyarsa ta AGRHYMET a Yamai.

A daminar 1974 aka gudanar da wani gagarumin aikin awo mai suna GATE, wanda hedikwatarsa ke Dakar. Ƙasashe kusan 70 suka shiga, da jiragen ruwa kusan 40 da jiragen sama fiye da 10, har da na Amurka da Tarayyar Sobiyet a tsakiyar yaƙin cacar baka. Sai dai yawancin awon a kan teku aka yi shi.

Muhawarar da ta biyo baya tana da nauyi, domin ta shafi wanda za a ɗora wa laifi. A 1975 masanin nan na Amurka, Jule Charney, ya kawo ra'ayin cewa idan kiwo da sare itatuwa suka tsiraita ƙasa, farar ƙasar kan mayar da hasken rana sama, abin da ke danne hadari. An yi amfani da wannan ra'ayi, fiye da yadda mai shi ya nufa, wajen zargin makiyaya da manoma da jawo wa kansu fari. A 1978 Peter Lamb ya nuna alaƙar fari da yanayin zafin Tekun Atlantika. A 1986 Folland, Palmer da Parker na hukumar yanayi ta Birtaniya suka faɗaɗa batun zuwa tekunan duniya, a 2003 kuma Alessandra Giannini da abokan aikinta suka nuna cewa manhajar da aka ba tarihin zafin teku kawai tana iya sake fitar da yawancin farin. Daga baya an ƙara gano cewa hayaƙin masana'antun Turai da Arewacin Amurka ya sanyaya arewacin Atlantika, ya taimaka wajen janye damina zuwa kudu. Manhajoji ne suka sauke wannan zargi daga wuyan makiyayi, kuma sun iya yin haka ne saboda akwai bayanan ruwan sama na garuruwa irin su Kano da Yamai tun farkon ƙarni na 20 da za a gwada su da shi.

Jarrabawa ɗaya ga kowa

A 1980 aka kafa Shirin Binciken Yanayi na Duniya, WCRP, a ƙarƙashin Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya da majalisar ƙungiyoyin kimiyya. Shi ne ya fito da tsarin yi wa manhajoji jarrabawa ɗaya: AMIP a 1990, sai CMIP a 1995, inda cibiyoyin Amurka, Turai, Japan, Sin da sauransu ke gudanar da gwaji iri ɗaya su ajiye sakamakon a rumbun da kowane mai bincike zai iya shiga. Rahotannin kwamitin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, IPCC, na 2007, 2013 da 2021 duk a kan wannan rumbu suka dogara. Akwai kuma kwamiti na musamman kan iskokin monsun, mai rassan Afirka, Amurka da Asiya, da ofishi a birnin Pune na Indiya, ƙasar da ta fi kowa daɗewa tana wannan hasashe. A 2009 aka ƙaddamar da CORDEX domin manhajojin yanki masu ƙananan akwatuna, aka kuma sa Afirka a gaba.

Sakamakon jarrabawar bai yi daɗi ba ga Afirka ta Yamma. A 2006 Kerry Cook da Edward Vizy sun binciki manhajoji 18, suka tarar kusan kashi ɗaya cikin uku ba su ma shigar da damina cikin ƙasa ba, sun bar jigon ruwan a kan teku. Cikin waɗanda suka yi ƙoƙari, wata manhajar cibiyar GFDL da ke Amurka ta hango mummunan fari a Sahel kafin ƙarshen wannan ƙarni, wata ta Japan kuwa ta hango ƙaruwar ruwa sosai. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne ta Amurkar na cikin waɗanda suka fi iya kwaikwayon farin shekarun baya. Manhajoji da yawa kuma sun kasa fitar da sanyin tekun Gini, sun bar shi da ɗumi a lokacin da ya kamata ya huce. Ga mai tsara madatsar ruwa ko mai zaɓen irin da za a raba wa manoma, hasashen da ya kasa tantance ko ruwa zai ƙaru ko zai ragu ba shi da amfani.

Shirin AMMA

Mafi girman yunƙurin da aka yi domin cike wannan giɓi shi ne shirin AMMA, wanda masanan Faransa suka faro a 2002, daga baya Tarayyar Turai, Birtaniya, Amurka da cibiyoyin Afirka suka shigo. Sunan ya zo daidai da kalmar Hausa, kuma bai yi ƙarya ba, domin kusan kowane sakamakonsa da tasa “amma”. An tsara awon hawa uku: na dogon zango har zuwa 2010, mai zurfi daga 2005 zuwa 2007, da na musamman a daminar 2006.

Dabarar ita ce a shimfiɗa layin awo daga teku zuwa hamada. A cikin teku akwai na'urori masu iyo na shirin PIRATA, wanda Brazil, Faransa da Amurka suka kafa a 1997, ga kuma jiragen ruwan bincike da suka riƙa kewaya Mashigin Gini. A doron ƙasa an ware wurare uku: kwarin kogin Weme a Jamhuriyar Benin, yankin Yamai a Nijar, da Gurma a Mali. Yankin Yamai ya riga ya saba da wannan aiki, domin tun farkon shekarun 1990 aka dasa ma'aunan ruwa kusan 100 a wani fili mai faɗin digiri ɗaya, aka kuma yi babban awo na HAPEX-Sahel a 1992. Ma'aunan sun tabbatar da abin da manomi ke faɗa, cewa ruwa na iya sauka a wannan ƙauye ya tsallake na gaba, har bambancin ya bayyana a jimillar shekara.

A 2006 Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta girka tashar awo ta tafi-da-gidanka a Yamai na tsawon shekara guda, jami'ar MIT ta kawo na'urar rada mai leƙa cikin hadari, jiragen saman bincike na Faransa, Birtaniya da Jamus suka riƙa tashi daga Yamai, Wagadugu da Dakar. Daga Damagaram aka saki manyan balan-balan da suka haura can ƙololuwar sama, iska ta kwashe su zuwa yamma har kan Atlantika, suna jefo ƙananan na'urorin awo a hanya. Amurkawa sun damu da wannan ne saboda igiyoyin iskar da ke kawo hadari Kano su ne tsatson yawancin manyan guguwowin da ke afka wa gaɓar ƙasarsu.

Aikin da bai yi suna ba amma ya fi tasiri shi ne farfaɗo da tashoshin balan-balan na yau da kullum. Waɗannan balan-balan ne ke ɗaukar ƙaramar na'ura mai auna zafi, laima da iska daga ƙasa har sama, kuma kafin AMMA tashoshi da yawa a yankin sun daina aiki, wasu kuma suna awon amma bayanin ba ya isa cibiyoyin hasashe na duniya saboda lalacewar hanyar sadarwa. Tare da hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ASECNA da hukumomin yanayi na Najeriya da Ghana, an gyara tsofaffin tashoshi, aka buɗe sababbi a Abuja, Tamale, Kwatano da Paraku. Tsakanin Yuni da Satumban 2006 an saki balan-balan kusan 7,000, adadin da ya zarce na 1974. A nan ne aka gano cewa wani nau'in na'urar da aka daɗe ana amfani da shi yana nuna iskar ta fi yadda take bushewa. Sai da aka gyara alƙaluman, cibiyar hasashe ta Turai ta sake lissafin daminar daga farko. Ma'aunin da ake gwada manhaja da shi ma yana buƙatar gwaji.

Abin da aka gano

An tabbatar cewa yawancin manhajoji na zubar da ruwa da tsakar rana, kaɗan-kaɗan kuma kusan kullum, alhali a Sahel hadari kan haɗu ne da la'asar ko almuru, ya yi tafiya cikin dare, ya sauke ruwa mai yawa a lokaci ɗaya. Kuskuren lokaci ba ƙarami ba ne, domin idan gajimare ya rufe rana a sa'ar da ba tasa ba, zafin ƙasa ya canza, ƙarfin iskar damina ma ya canza.

Christopher Taylor na Birtaniya da abokan aikinsa sun nuna cewa hadarin rana ya fi son tasowa a kan busasshiyar ƙasa da ke maƙwabtaka da jiƙaƙƙiya, manhajoji da yawa kuwa akasin haka suke yi, suna maimaita ruwa inda aka riga aka yi, abin da ke sa su tsawaita fari fiye da kima. A 2017 wannan rukuni ya wallafa cewa manyan hadarurruka mafiya ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun 1982, bisa hotunan taurarin ɗan'adam, kuma sun danganta hakan da ƙaruwar zafin Sahara. Daga nan hukumar yanayi ta Birtaniya ta gudanar da wata manhaja a kan Afirka baki ɗaya mai akwatunan kilomita 4.5, wadda ke fitar da hadari da kanta ba tare da ƙiyasi ba. Sakamakon da aka fitar a 2019 ya nuna ruwa mai tsanani zai ƙaru fiye da yadda tsofaffin manhajoji suka hango, haka ma kwanakin da ruwa ke ɗaukewa a tsakiyar damina.

Kudu ta zo a makare

Fari ne ya jawo kuɗin bincike, don haka Sahel aka fi aunawa. Gaɓar teku, inda mutane suka fi yawa kuma inda iskar ke shigowa, ta jira har shirin DACCIWA na Tarayyar Turai, ƙarƙashin jagorancin Peter Knippertz na Karlsruhe a Jamus. A Yuni da Yulin 2016 jirage uku suka yi sansani a Lome, aka kafa tashoshin ƙasa a Kumasi, a Save ta Benin, da Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife. Sun bi diddigin wani gajimare mai ƙasa-ƙasa da ke haɗuwa da dare ya lulluɓe kudu har zuwa hantsi ko azahar, wanda duk wanda ya yi Yuli a Anacha ko Enugu ya san shi. Manhajoji da yawa ba sa fitar da shi yadda ya kamata, sai su bar rana ta gasa ƙasar kudu fiye da gaskiya, su ɓata bambancin zafin da ke tura damina arewa. An kuma tarar da hayaƙin ƙonar daji na Afirka ta Tsakiya a cikin iskar da ke shigowa daga teku, a haɗe da hayaƙin biranen gaɓar.

Wannan batu ya shafi Fatakwal kai tsaye. Ga wutar iskar gas da ake ƙonawa a rijiyoyin mai, ga baƙar tokar da ta addabi birnin tun ƙarshen 2016. Irin waɗannan ƙwayoyi na shiga gajimare su canza yadda ɗigon ruwa ke haɗuwa, kuma iskar damina na kwasar su zuwa cikin ƙasa. Amma duka manyan tashoshin ƙasa na DACCIWA yamma da kogin Neja suke. Abin lura ne cewa ana danganta farkon awon yanayi a Najeriya da garin Akassa na bakin teku a Neja Delta a 1887, duk da haka babu ɗaya daga cikin manyan ayyukan nan da ya sa yankin a tsakiyar taswirarsa. Taurarin ɗan'adam ba su rufe giɓin ba, domin dabarun da ke ƙiyasta ruwa daga sanyin saman gajimare sun fi dacewa da dogon hadarin Sahel, suna kuma raina ruwan gaɓa da ke fitowa daga gajimare marar tsayi.

Daga ɗakin bincike zuwa kasuwa da gona

Cibiyar ACMAD, wadda aka amince da kafa ta a 1987 take kuma aiki a Yamai tun 1992, tare da AGRHYMET, su ke tara masu hasashe na ƙasashen yankin kafin kowace damina. An fara irin wannan taro a Abidjan a 1998, yanzu akan yi ɗaya domin ƙasashen gaɓar Gini, wani domin Sahel da Sudan. A taron ne ake jera abin da manhajojin cibiyoyin duniya suka ce, a auna shi da sanin gida, a fitar da matsaya ɗaya. A Najeriya, Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, NiMet, wadda dokar 2003 ta kafa, na fitar da hasashen shekara mai ɗauke da lokacin saukar ruwa da ɗaukewarsa, tana kuma fassara shi zuwa Hausa da wasu harsuna, ita kuma hukumar NIHSA na fitar da hasashen ambaliya. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure, inda Farfesa Bayo Omotosho ya daɗe yana nazarin hasashen saukar damina, ita ke karɓar ɗaliban digiri na uku na shirin WASCAL kan yanayin yankin. A 2017 aka wallafa littafin jagora ga masu hasashe a Afirka ta Yamma, wanda Douglas Parker da Mariane Diop-Kane suka tace, cike da darussan AMMA.

Nauyin abin yana bayyana a wurare biyu. A arewa, manomin da ya yi binne ko ya shuka da ruwan farko, idan ruwa ya ɗauke mako biyu ko uku, ya yi asarar iri. A kudu, ruwan da ya zuba a arewa da Kamaru na tararwa ne ta Neja da Binuwai a Satumba da Oktoba. Ambaliyar 2012 ta kashe mutum 363 ta raba fiye da miliyan 2 da gidajensu, bisa alƙaluman Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa. Ta 2022 ta kashe fiye da 600. Ta shanye Ogbaru da ke gefen Anacha, ta datse hanyar Lakwaja da Abuja har manyan motocin kaya suka kwana da kwanaki a jere, ta kuma yanke babbar hanyar da ta haɗa Fatakwal da Bayelsa. Mai motar tumatir ko albasa da ya maƙale a Koton Karfe ya san tsadar kwana uku.

Rahoton IPCC na 2021 ya nuna manhajoji sun fi kusantar juna yanzu fiye da 2006: ana sa ran ruwa zai ƙaru a tsakiya da gabashin Sahel, inda ƙasar Hausa take, ya ragu a can yamma wajen Senegal, kuma ruwa mai tsanani zai yawaita. Girman sauyin dai har yanzu da saɓani a kai, kuma matsalar ɗumin tekun Gini ba ta rabu da manhajoji da yawa ba. Ta fuskar awo kuwa an ja baya, domin da kuɗin AMMA suka ƙare, tashoshin balan-balan da dama sun rage aiki ko sun tsaya, kasancewar kowace na'ura sau ɗaya ake amfani da ita, kuma da kuɗin waje ake sayen ta. A 2021 ƙasashen da ke cikin Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya suka amince da mafi ƙarancin tashoshin da ya wajaba kowace ƙasa ta riƙe ta kuma raba bayanansu, aka kuma buɗe asusun SOFF domin tallafa wa ƙasashe mafiya ƙarancin ƙarfi, irin su Nijar, Chadi da Mali, wajen tafiyar da tashoshin nasu shekara da shekaru.